Na Sayar da Gidana, Ban Samu Inda Zan Koma Ba: Ko Zan Iya Fasa Cinikin?

Wasiƙun wannan karon sun haɗu a wuri guda: mutum ya sallama gidansa da niyyar sayen wani, kafin ya juya farashi ya tsere masa, ko mai wancan gidan ya janye. Amsoshinmu sun dogara da mazhabar Malikiyya, wadda kotunan Musulunci na Arewa ke hukunci da ita, da kuma dokokin Najeriya.

Assalamu alaikum. Na sayar da gidana a Rijiyar Zaki kan naira miliyan 38. Mai saye ya ba ni miliyan 15, muka rubuta takarda a gaban dillali da shaidu biyu, mai unguwa ya sa hannu, a kan zai cika sauran ƙarshen wata in ba shi makulli. Gidan da na yi niyyar saye, mai shi ya ce yanzu sai miliyan 45. Ina da mata da 'ya'ya bakwai, ga mahaifiyata tana tare da ni. Na ce zan mayar masa da kuɗinsa, ya ce bai yarda ba. Ina da ikon fasawa? Daga wani magidanci, Kano.

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya kawo mafita. Gara mu faɗa maka gaskiya tun daga farko: kai kaɗai ba ka da ikon warware wannan ciniki. Rashin wurin komawa damuwa ce babba, amma ba ya cikin abubuwan da ke ɓata ciniki, ko a shari'ar Musulunci ko a dokar ƙasa, sai fa in an sa shi sharaɗi tun ranar da aka ƙulla. Ka ɗauko takardar ka bi ta layi-layi. In babu inda aka ce kana da zaɓi na wasu kwanaki, to ciniki ya faɗa.

A Malikiyya magana ce ke ƙulla ciniki: ya taya, ka sallama, shi ke nan. Risala ta Ibn Abi Zaid ta faɗi haka ƙarara, cewa ciniki yana ƙulluwa da furuci ko da masu cinikin ba su tashi daga wurin ba. Tun daga wannan lokacin gidan ya zama nasa, miliyan 23 da suka rage kuma bashi ne kake bin sa. Abin da shari'a ta ba ka shi ne ka riƙe makulli har ya cika kuɗi. Ba ta ba ka damar mayar da gidan mallakarka ba.

Dokar ƙasa ma nan ta tsaya. A shari'ar Mini Lodge da Ngei ta 2009, Kotun Ƙoli ta bayyana cewa idan an daidaita kan farashi, mai saye ya biya wani ɓangare, to ciniki ya kammala, biyan ciko kawai ya rage, kuma duk wanda ya saɓa ana iya kai shi ƙara a tilasta masa ya cika. A cinikin buhun masara kotu takan ce a biya diyya kowa ya kama gabansa, domin akwai masara a kasuwa. A cinikin gida ba haka take yi ba, saboda babu gida biyu da suke daidai da juna, don haka ta fi karkata ga ba da umarnin a miƙa gidan. In kuma diyya ta yanke, ba miliyan 15 ɗin kaɗai za ka mayar ba. Za a duba tazarar da ke tsakanin farashin da kuka yi da darajar gidan daga baya, a haɗa da kuɗin da ya kashe. A ce gidan ya kai miliyan 46, kana iya tashi da bashin miliyan 8 bayan ka mayar da nasa. Kafin a kai nan, zai iya samo umarnin kotu da ke hana ka sayarwa ko jinginarwa, ya kuma kai takardar gargaɗi ofishin filaye, wato KANGIS a Kano. Gidan zai tsaya cik, shekaru na tafiya, kuɗin lauya na cin abin da ke hannunka.

Wani zai ce maka ai kotu tana duba halin ƙunci. Tana dubawa, amma ka ji irin ƙuncin da ake nufi. Misalin da lauyoyi ke kawowa shi ne shari'ar Patel da Ali ta 1984 a Ingila. Bayan an ƙulla ciniki aka samu jinkiri na shekaru ba da laifin mai gidan ba, a tsakanin nan ciwon daji ya kama ta, aka yanke mata ƙafa, ga ƙananan yara, kuma maƙwabta da dangi na kusa ne ke taimaka mata da hidimar yau da kullum. Kotu ta ƙi fitar da ita, amma duk da haka sai da aka ɗora mata diyya. Tashin farashin gidan da kake so bai kai wannan ba.

To me ya rage maka? Ƙofa biyu, kuma dukansu sai da yardar mai saye, don haka yadda za ka tunkare shi ya fi komai muhimmanci.

Ta farko ita ce iƙala, wato ku biyu ku yarda a warware, kowa ya karɓi nasa. Ba haƙƙinka ba ce, alfarma ce, kuma addini ya kwaɗaitar da yin ta: Abu Dawuda da Ibn Majah sun ruwaito hadisin cewa wanda ya yafe wa Musulmi cinikin da ya yi nadama a kai, Allah zai yafe masa tuntuɓensa. Kada ka aika masa da saƙon waya cewa ka fasa. Wannan kalmar ce ke sa mutum ya kafe, kuma hujja ce a kanka in an je kotu. Ka ɗauki dattijon da yake jin nauyinsa, ko limamin unguwarsu, ku je gidansa. Ka fara da amsa cewa gidan nasa ne, sannan ka faɗi halin da kake ciki. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

Kada ka je hannu biyu. Ka tafi da miliyan 15 ɗinsa cif a asusu, domin abin da ya fi rusa iƙala shi ne mai gida ya riga ya taɓa kuɗin, ya dawo yana cewa zai biya kaɗan-kaɗan. Babu wanda zai saki gida ya kama alkawari. Ka kuma ce za ka biya duk abin da ya kashe mai shaida: la'adar dillali, kuɗin lauya, kuɗin binciken takardu a ofishin filaye, da na safiyo in an yi awo. In ya nemi ƙari a kan haka, malaman Malikiyya suna ɗaukar iƙala a matsayin sabon ciniki, shi ya sa Tuhfa ta Ibn Asim ta halatta ta da farashin farko, ko sama da shi, ko ƙasa, matuƙar kuɗin na nan take ne. Sauran mazhabobi suna ganin warwarewa ce kawai, dole a tsaya kan farashin farko. Shawararmu: in za a yi ƙari, a biya shi tare da uwar kuɗi a zama ɗaya. Da zarar an ce ka riƙe miliyan 15 zuwa wata uku ka dawo da 17, ya koma kamar rance da ruwa.

In ya yarda, a rubuta a ranar. Takardar ta ambaci cinikin farko da kwanan watansa, adadin da aka mayar, da cewa babu wanda ke bin wani komai. Shaidun farko su sa hannu, a koma wajen mai unguwar da ya sa hannu a waccan. Ka karɓo takardar cinikin ta asali da rasit da duk kwafin takardun gidan da ka ba shi. In ka taɓa sa hannu a takardar wakilci ko ta canjin mallaka, lauya ya rubuta soke su, a kuma janye duk abin da aka shigar ofishin filaye. Kuɗin ya bi ta banki: dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ba ta hanyar banki ba, kuma shaidar banki ita ce za ta tsaya maka gobe.

Ƙofa ta biyu, wadda a ganinmu ta fi dacewa da kai, ita ce ka nemi lokaci, ka bar zancen fasawa. In ka duba da kyau, ba gidan ne matsalarka ba, ƙarshen watan ne. Mutumin da ya ƙi sakin gida sau da yawa yakan yarda ya jira wata uku ko shida. Muhtasar na Halil, littafin fiƙihun Malikiyya, ya halatta a sayar da gida a kan sai bayan shekara za a karɓa, don haka jinkirta miƙa makulli ba ya ɓata komai in an faɗi rana. Kuna iya yi ta hanya biyu: ko ya ɗaga maka ranar tashi kyauta, ko ya cika kuɗinsa ka zauna a matsayin ɗan haya na ƙayyadadden lokaci, a cire kuɗin hayar daga cikon.

Ka san abin da zai ji tsoro. Yana tsoron ka zama ɗan hayan shekara, wanda a dokar Abuja da jihohi da dama sai an ba shi notis na wata shida, a ƙara na kwana bakwai, sannan a je kotu. Ka cire masa wannan fargabar da kanka. A rubuta ranar farawa da ranar ƙarewa, a ce ba ta sabuntuwa sai da sabuwar takarda. Ka yarda ya riƙe wani abu daga cikon, kamar miliyan 2 ko 3, sai ranar da ka ba da makulli. A faɗi wanda zai biya kuɗin wuta da ruwa, da wanda zai yi gyara in rufi ya yi yoyo da damina. A ɗauki hoton kowane ɗaki, domin rigimar cire fanka da tankin ruwa da ƙofofi a ranar tashi ta sha ɓata zumunci.

Abu ɗaya da za ka kiyaye: in ka karɓi cikon, kada ka bar kuɗin ya kwanta kana jiran wancan gidan ya sauko. A ƙarshen 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta wuce kashi 34 cikin 100. Kuɗin da aka ajiye shekara guda a irin wannan yanayi ba ya sayen abin da yake saya da farko. Gara ƙaramin gida a unguwar da ta ɗan fi nisa, ko fili da hayar shekara ɗaya, da a zauna kuɗi na narkewa.

Ina so in sayar da gidana a Zariya in sayi wani kusa da 'ya'yana, amma ban samu ba tukuna. An kawo mai saye. Me zan rubuta don kada in rasa tudun dafawa? Daga wata uwa, Zariya.

Hajiya, kin yi tambaya a lokacin da take da amfani. Kada ki furta "na sallama", kuma kada ki karɓi ko sisi, sai an rubuta ɗaya daga cikin waɗannan.

Na farko, cinikin zaɓi, wanda malamai ke kira hiyari. Ki sa sharaɗin cewa kina da zaɓin zartarwa ko fasawa har zuwa rana kaza. A gida da fili, Halil ya ce kamar wata guda, masu sharhi suka kai shi wata da kwana shida. A cikin wannan lokacin gidan naki ne, in kin fasa babu wanda ke bin ki bayani. Amma abu biyu suna ɓata shi. Ɗaya, a bar lokacin a buɗe, kamar a rubuta "har sai na samu wani gida". Wannan wa'adi ne da ba a san ƙarshensa ba, kuma yana ɓata cinikin a Malikiyya. A sa kwanan wata. Biyu, a sharɗanta biyan kuɗi a lokacin zaɓin. Risala ta hana haka, domin ba a san ko kuɗin farashi ne ko rance ba. In mai saye yana so ya nuna da gaske yake, a ajiye kuɗin a hannun amintacce, ko lauyan da kuka yarda da shi ku biyu.

Na biyu, in kwana 36 ba za su ishe ki ba, ki yi yankakken ciniki amma ki keɓe zama a gidan na wata shida ko har shekara, a rubuta ranar tashi. Wannan ya fi ƙarfi, domin kuɗin na hannunki kina neman gida da shi, kuma mai kuɗi a hannu ya fi samun rangwame. Mai saye zai iya neman ki rage wani abu a farashi saboda jiran, kuma yana da gaskiya.

Akwai wanda za a iya ba ki shawara a kai, ki guje shi: a rubuta a cikin takardar cewa duk ranar da kika dawo da kuɗi za a dawo miki da gida. Shi ne cinikin sunya, kuma in an sa shi cikin ƙullin ciniki ya ɓata shi. Yana halatta ne kawai in mai saye ya yi miki wannan alkawarin don raɗin kansa bayan an gama.

In kin samu gidan da kike so, ki sa a binciki takardunsa kafin ki sallama naki, ki kuma yi ƙoƙari a ƙulla cinikin biyu a rana ɗaya, ko a mako ɗaya. Yawancin waɗanda suka rasa wurin zama sun dogara ne da alkawarin baka na mai wancan gidan.

Gidana yana da takardar mallaka ta gwamnati, C of O. Wani ya ce mini tunda gwamna bai sa hannu a cinikin ba, cinikin banza ne, zan iya fasawa. Haka ne? Daga Kaduna.

Malam, rabin magana aka gaya maka. Gaskiya ne sashe na 22 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ya hana miƙa irin wannan mallaka ba da amincewar gwamna ba, sashe na 26 kuma ya ce abin da aka yi saɓanin haka ba shi da inganci. Sai dai Kotun Ƙoli ta raba ciniki gida biyu: matakin yarjejeniya, da matakin miƙa mallaka. A shari'ar Awojugbagbe da Chinukwe ta 1995 ta nuna cewa ƙulla yarjejeniya kafin a samu amincewar ba laifi ba ne, abu ne da ke jiran cikawa. Sannan neman amincewar nauyi ne a kan mai takardar, wato kai. Kotuna ba sa barin mutum ya ƙi yin abin da ke wuyansa, sannan ya dawo ya fake da rashin yin. Abin da ya fi yiwuwa shi ne a umarce ka ka je KADGIS, ofishin filaye na Kaduna, ka nemi amincewar. Ka kuma sani cewa bisa sashe na 39, rigimar gida mai takardar gwamna ta Babbar Kotun Jiha ce.

Mai saye ya ba ni rabi, ya yi alkawarin cikawa bayan mako uku. Yau wata huɗu ke nan, kullum sai gobe. Gidan da zan saya ya kuɓuce saboda haka. Yanzu ina so in zauna a nawa. Daga Katsina.

Kai kam kana da hanya, amma a bi ta a tsanake. A shari'ar Odusoga da Ricketts ta 1997, Kotun Ƙoli ta ce mai sayen da ya biya wani ɓangare ya kasa cika saura a kan lokaci, ko cikin lokacin da hankali zai ɗauka, ba zai tilasta a ba shi fili ba, kuma mai sayarwa yana iya janyewa. Kada dai ka wayi gari ka ce ka fasa. Wata huɗun da ka yi kana karɓar uzurinsa za a iya ɗaukar su a matsayin ka yafe wa'adin farko. Ka sa lauya ya rubuta masa takarda, a ba shi sabon wa'adi mai ma'ana, kamar kwana 21 ko 30, a sa lambar asusunka, a faɗa ƙarara cewa in ranar ta wuce ciniki ya ƙare. A kai masa hannu da hannu a gaban shaida, ya sa hannu a kwafi. In ranar ta wuce, ka rubuta ta biyu ta janyewa, ka mayar masa da kuɗinsa ta banki. A cikin wa'adin kada ka kashe waya, kada ka ƙi karɓar kuɗi in ya kawo. Wanda ya toshe hanyar biya ba zai ce ba a biya shi ba.

In a gaban alƙalin Musulunci za a yi, da ɗan bambanci. A mashhurin Malikiyya, sharaɗin "in ba ka kawo kuɗi rana kaza ba babu ciniki" yana faɗuwa, cinikin ya tsaya. Don haka ba kai za ka yanke ba: ka kai ƙara, alƙali ya sa masa wa'adi. In ta tabbata ya karye ba zai iya biya ba, kai ne mafi cancanta da gidanka, bayan ka mayar da abin da ka karɓa.

Kada ka ci komai daga kuɗinsa da sunan hukunci. Imam Malik ya kawo hanin cinikin arbun a Muwaɗɗa, wato kafin alƙalamin da ake cinyewa in ciniki bai yiwu ba. A dokar ƙasa ma, kuɗin da aka biya a matsayin wani ɓangare na farashi ana mayarwa ne, sai in takarda ta fito fili ta kira shi ajiyar da za a iya cinyewa.

Mahaifinmu ya rasu wata biyu da suka wuce. Babban yayanmu ya sayar da gidan gado, ba a raba ba, mu uku mata ba mu sani ba. Mahaifiyarmu tana ciki, ba ta da inda za ta. Daga Gusau.

Allah ya jiƙan mahaifinku. Malama, a nan akwai abin kamawa sosai. Yayanku ba ya da ikon sayar da abin da ba nasa ba. Cinikin da ya yi a kan kasonku yana rataye ne a kan yardarku: in kun ƙi, bai zartu ba. A kan nasa kason kuma kuna da shufa'a, wato haƙƙin abokin tarayya ya karɓi kason da aka sayar wa bare, ya biya farashin da aka saye shi. A Malikiyya wannan na abokin tarayya ne a dukiyar da ba a raba ba, maƙwabci ba shi da shi. Mahaifiyarku tana da haƙƙin kammala takabarta, wata huɗu da kwana goma, a gidan da mijinta ya mallaka ya rasu ya bar ta a ciki, bayan tumunin da ta gada. In akwai ƙananan yara a magada, kasonsu ba ya sayuwa sai ta hannun wasiyyi ko da izinin alƙali.

Abin da zai cuce ku shi ne shiru. Wanda aka sayar da kayansa yana zaune a wurin bai ce komai ba, cinikin ya hau kansa. Shufa'a tana faɗuwa in mutum ya sani ya yi shiru har shekara, Halil ma ya ce wata biyu ga wanda ya halarci ƙullin, haka nan in ya zuba ido mai saye yana rushewa ko gini. Kada ku karɓi ko naira ɗaya daga kuɗin, domin karɓa yarda ce. Cikin makon nan ku sanar da mai saye a rubuce cewa ba ku amince ba, ku gaya wa mai unguwa, sannan ku shigar da ƙarar rabon gado a kotun shari'ar Musulunci.

Mijina ya sayar da gidan da muke ciki ban sani ba. Rashin yardata zai iya tsayar da cinikin? Daga Bauchi.

In gidan nasa ne shi kaɗai, yardarki ba sharaɗi ba ce, cinikin ya yi. Haƙƙinki yana kansa, ba kan mai saye ba: wajibi ne ya sama miki matsuguni daidai da halinsa. In kuma kin zuba kuɗinki a sayen filin ko ginin a matsayin tarayya, ba kyauta ko rance ba, kuma kina da shaidu ko takardar banki, to kina da kaso, kuma abin da muka faɗa wa mai tambaya daga Gusau ya shafe ki.

Da baki muka yi, na ce na sallama, ya ba ni dubu 500 kafin alƙalami a gaban dillali. Ba mu rubuta komai ba. Washegari na ce na fasa saboda ban samu gida ba. Yanzu yana barazanar kai ni wajen 'yan sanda, dillali kuma yana neman la'adarsa. Wani ma ya zo ya ƙara mini miliyan 4. Daga Sakkwato.

Malam, rashin takarda bai kuɓutar da kai ba. A shari'ar Musulunci furucinka da shaidu sun isa. Dokar da aka gada daga Turawa tana neman shaidar rubutu a cinikin ƙasa, amma ɗan rasit da ka sa wa hannu, mai ɗauke da sunan gida da farashi, yana iya wadatarwa. Abin dubawa shi ne me aka ce lokacin ba da dubu 500 ɗin. In an ce a riƙe kafin a gama magana, farashi ko ranar biya ba su tsaya ba, to ba a ƙulla ba tukuna, ka mayar ka huta. In an yanke farashi ka sallama, ciniki ya faɗa, sai iƙala. Tunda kuɗin kaɗan ne kuma kwana ɗaya ne tsakani, bai riga ya yi wata asara ba, sulhu zai yi sauƙi in ka hanzarta.

Batun 'yan sanda: saɓa yarjejeniya ba laifin kamu ba ne. Sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana kama mutum kan saɓa kwangila kawai. Amma ranar da ka karɓi kuɗin mutum na biyu alhali na farko yana hannunka, magana ta canza, ta koma zamba. Dokar damfara ta 2006 ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara 7 ba, zuwa 20. Sannan wannan ƙarin miliyan 4 zai rusa uzurinka gaba ɗaya, domin babu wanda zai yarda rashin gida ne ya sa ka fasa in ya ji ka sayar wa wani. Kada ka saurari sabon tayi sai ka riƙe takardar iƙala a hannu.

Dillali kuma, in cinikin ya faɗa, aikinsa ya kammala, kuma fasawar da ta zo daga gare ka ba ta zubar da la'adarsa. Ka kira shi tun kafin ka je wajen mai saye, ku daidaita kan abin da za ka ba shi, ko duka ko wani ɓangare, a gaban shugaban dillalan unguwarku. Shi ya fi kowa sanin inda mai sayen zai lanƙwasa, kuma wataƙila yana da wani gidan da zai nuna masa a madadin naka.